Tuƙa Irin ta Ɗan Adam: Yadda Ake Horar da Hankali Ya Bar Saƙa da Warwara

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da saniya kan yi idan ta dawo daga daji da almuru. Takan kwanta a turke, ta dinga dawo da ciyawar da ta haɗiya daga tumbi zuwa baki tana sake taunawa. Wannan shi ake kira tuƙa, kuma lafiyayyar saniya takan ɗauki kimanin sa'o'i 8 a kowace rana tana yin ta. Daga wannan ɗabi'a ta dabbobi ne masana halayyar ɗan Adam suka aro sunan da suka laƙaba wa wata ɗabi'a ta mutane, watau mutum ya riƙa dawo da tunani ɗaya mai ɗaci yana jujjuya shi dare da rana. Bahaushe ya riga ya raɗa wa abin nasa sunan, shi ne saƙa da warwara. Ita saniya tuƙarta kan zame mata nama da nono. Shi kuwa ɗalibin da ya fito daga jarrabawar lissafi, ya kwana uku yana tambayar kansa dalilin da ya sa kullum shi ne mai faɗuwa, ba abin da yake samu sai rashin barci da ciwon kai.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin alamar damuwa kawai, kamar yadda zazzaɓi yake alamar cuta. Wata girgizar ƙasa ce ta taimaka wajen gyara wannan fahimta. A cikin watan Oktoba na 1989, wata malama a Jami'ar Stanford ta Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, ta auna yanayin zuciyar wasu ɗalibai da kuma yadda kowannensu ya saba yi idan ransa ya ɓaci. Kwana 14 bayan haka, ran 17 ga wata, ƙasa ta girgiza a yankin San Faransisko. Da aka sake auna ɗaliban bayan kwana 10, aka kuma maimaita bayan mako 7, sai aka tarar waɗanda tun asali suke da ɗabi'ar tuƙar tunani su ne damuwa ta fi kamawa, ta kuma fi daɗewa a jikinsu. Ke nan ɗabi'ar ta riga ciwon zuwa. Binciken da malamar ta yi daga baya ya ƙara nuna cewa mai wannan hali yakan zaci neman mafita yake yi, amma idan aka ba shi matsala ya warware, shawararsa ba ta kai ta wanda aka ɗauke wa hankali na 'yan mintoci ba.

Me ya sa "daina tunani" ba ya aiki?

Shawarar da iyaye da malamai suka fi bayarwa ita ce, "Cire abin nan daga ranka." Niyya ce mai kyau, sai dai ƙwaƙwalwa ba ta karɓar irin wannan umurni. A shekarar 1987, Daniel Wegner da abokan aikinsa a jihar Texas suka zaunar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, suka ce kowa ya yi ta faɗin abin da ya zo masa a rai har minti 5, amma kada ya kuskura ya tuna farin beyar, wata dabba ta ƙasashen ƙanƙara. In ta faɗo masa, ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗuwa, fiye da sau ɗaya a kowane minti. Abin mamakin ma yana gaba: da aka sake su aka ce yanzu su tuna dabbar, sai ta cika musu rai fiye da waɗanda ba a taɓa hana su ba.

Bayanin da Wegner ya bayar daga baya mai sauƙi ne. Idan mutum ya ƙudura kada ya tuna wani abu, dole wani sashe na hankalinsa ya tsaya gadi yana duba ko abin ya shigo, kuma mai gadi ba ya gane ɓarawo sai yana riƙe da kamanninsa. Muddin mutum na da kuzari, yana iya neman wani tunanin ya toshe gurbin. Da zarar gajiya ta zo, kamar a ƙarshen dare, mai toshewa ya kwanta, mai gadi kuwa yana nan yana nuna hoton. A gwaji na biyu an ba wasu ɗalibai wurin zuwa takamaimai, aka ce duk sanda dabbar ta faɗo musu su koma kan wata jar mota ƙirar Volkswagen. Waɗannan ba su sami dawowar tunanin da ƙarfi irin na sauran ba.

A ɓangaren ilmin halitta kuma, Marcus Raichle na Jami'ar Washington da ke birnin Sen Luwis ya bayyana a 2001 cewa akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke ƙara aiki a lokacin da mutum ke zaune ba ya yin kome, su kuma lafa idan ya duƙufa kan wani aiki na waje. Su ne ke aiki idan mutum na tuna jiya, ko hasashen gobe, ko auna kansa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna alaƙa tsakanin aikin waɗannan sassa da tuƙar tunani. Ai kuwa ba banza ba saƙe-saƙe ya fi samun mutum a kan katifa.

Horon minti goma sha biyu

Tunda kora ba ta yi, sai masana suka koma koya wa hankali tashi daga wuri zuwa wuri bisa umurnin mai shi. A 1990 wani masani ɗan Ingila, Adrian Wells, wanda daga baya ya yi zamansa a Jami'ar Manchesta, ya wallafa wata dabara da ake yi da kunne, mai ɗaukar kimanin minti 12. Mutum zai zauna ido buɗe, ya kafa shi a wuri ɗaya, ya zaɓi sautuka da dama na kusa da na nesa. Ɗalibi a ɗakin kwana zai iya ɗaukar ƙarar agogo, da ta fanka, da muryoyin 'yan ƙwallo a fili, da kukan kurciya, da babur can a bakin titi. Minti 5 na farko zai riƙa ba sauti ɗaya dukan hankalinsa na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma na gaba. Minti 5 na biyu zai riƙa tsalle tsakaninsu da sauri. A ƙarshe ya yi ƙoƙarin jin su duka a lokaci guda.

Abin lura a nan shi ne, ba a yin wannan horo don gudun tunani a lokacin da ya taso, in ba haka ba an koma ga farin beyar. Ana yin sa ne a ƙayyadadden lokaci kowace rana, ko rai na daɗi ko ba ya daɗi. In mugun tunani ya shigo ana cikin yi, a bar shi ya zauna kamar baƙon da ba a shimfiɗa wa tabarma ba, a ci gaba da sauraro. Gwaje-gwajen da aka yi wa wannan dabara ita kaɗai galibi ƙanana ne, don haka bai kamata a zuzuta ta fiye da kima ba.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga wani horo na mako 8 da John Teasdale da Zindel Segal da Mark Williams suka tsara, inda ake koya wa mutum lura da numfashinsa, da dawo da hankali a hankali duk sanda ya ɓalle. A 2000 suka wallafa sakamakon gwaji kan mutum 145 da suka warke daga ciwon damuwa mai tsanani a Birtaniya da Kanada. Cikin waɗanda ciwon ya taɓa kayarwa sau uku ko fiye, ya dawo wa kashi 66 cikin ɗari na marasa horo a cikin mako 60, amma kashi 37 kacal na masu horo. Waɗanda ya taɓa kamawa sau biyu kawai ba su nuna wannan riba ba.

Akwai kuma abin da malamin aji zai iya amfani da shi gobe da safe. Edward Watkins na Jami'ar Exeter ya nuna cewa siffar tambaya na da tasiri. "Me ya sa ni?" ba ta da ƙarshe, kowace amsa sai ta haifi wata tambayar. "Yaya abin ya faru?" kuwa tana kai ɗalibi ga tambaya ta huɗu da ya ɓata minti 40 a kanta, da babin da bai karanta ba, da ranar da zai karanta shi.

Idan kuwa baƙin ciki ya kai mako biyu bai ɗaga ba, ga rashin barci, ga ƙin abinci, ko yaro ya fara maganar gajiya da rayuwa, lamarin ya wuce na sauraron agogo. Sai a sanar da iyayensa, a kai shi wurin likita a ranar.