Aika Kuɗi ta Waya

A da, in mun sayar da masara a kasuwar 'Yankara, sai mu zuba kuɗin a lalita. Wayar hannu ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001. A 2023 takardun Naira suka yi wuya, muka koyi ciniki ta waya. Kuɗin suna banki, waya saƙo kurum take kaiwa.

To, sai mu lura. Lambar sirri ita ce mabuɗin rumbunmu. Kada mu faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake. Kada mu saki buhu sai kuɗi sun shigo. Wanda bai iya karatu ba, yaya zai rarrabe 5,000 da 50,000? Saboda haka mu dage da zuwa aji.