Kwana da Janareta a Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin Kano kan kai digiri 40. Idan wuta ta ɗauke da dare a Babban Giji da Tarauni, ko a shagunan bakin Titin Zariya a Gyadi-Gyadi, sai a tada janareta domin fanka ta yi ta juyawa har asuba. Saboda tsoron ɓarayi kuma, akan shigo da shi soro ko cikin shago, a rufe ƙofa.

To, a nan haɗarin yake. Duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Sinadarin himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin a cikin jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, yana kama wannan guba fiye da yadda yake kama oksijin har sau 200. Wanda ke farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, wataƙila ya zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa, sau da yawa ba ya farkawa.

Masana sun ce a ajiye janareta a sarari, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa. Ƙaramar tsakar gida mai doguwar katanga ba ta wadatar ba, balle a daren da tagogi ke buɗe saboda zafi. Wanda aka tarar a galabaice, a fito da shi waje nan take, a garzaya da shi asibiti a ba shi oksijin; Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan kusa.