Ciwon fitsari mai tsanani: ana iya shan allurar jijiya a kwana gida

Duk wanda ya taɓa jinya a manyan asibitocinmu, daga Yamai zuwa Maraɗi, Tawa ko Damagaram, ya san cewa kwanciyar mutum guda tana tayar da gida duka. Ga kuɗin gado, ga abinci da za a riƙa kaiwa, ga mai jinya da zai bar gona ko kasuwa. Wannan ya sa muka ga ya dace mu yi wa masu karatu bayani kan wata hanya da likitoci ke bi wajen maganin ciwon fitsari mai tsanani, wato a yi wa maras lafiya allurar jijiya sau ɗaya a yini, ya koma ya kwana ɗakinsa.

Yawancin ciwon fitsari, wanda jama'a ke haɗawa da wasu cututtuka su ce ciwon sanyi, yana tsayawa ne a mafitsara, kuma ƙwayar magani ta ƴan kwanaki ta ishe shi. Ana cewa ya yi tsanani idan cutar ta hau zuwa ƙoda, mutum ya kama zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon kwiɓi. Waɗanda suka fi shiga wannan haɗari su ne masu ciwon suga, mata masu ciki, dattawan da kumburin furostat ke tare musu fitsari, masu tsakuwa a ƙoda, da waɗanda aka sa wa robar fitsari. A yankunan kogi da tabkuna kuma, tsargiyar da ta daɗe ba a yi maganinta ba takan lalata hanyar fitsari. Ƙwayar cutar da ta fi haddasa ciwon ita ce E. coli, wadda asalinta cikin hanji take.

Tun 1974 likitoci a Amurka suka fara ba yara masu wani ciwon huhu maganin jijiya a gidajensu, daga baya abin ya bazu zuwa Ingila da sauran ƙasashe. Abin da ya sauƙaƙa shi shi ne samun magungunan da aikinsu ke daɗewa a jiki, ta yadda allura ɗaya ke ɗaukar awa 24. Daga cikinsu akwai ceftriaxone da gentamicine, sai ertapenem da ake ajiyewa don ƙwayoyin cutar da suka gagari na farko. Ga yawancin marasa lafiya kwana 7 na magani ya wadatar, kuma da zarar zazzaɓi ya sauka, likita yana iya mayar da mutum kan ƙwayar haɗiya idan awo ya nuna za ta yi aiki.

To amma ba kowa ake sallama ba. Wanda jininsa ya sauka, ko hankalinsa ya gushe, ko yake amai ba tsayawa, ko fitsarinsa ya toshe, wurinsa gadon asibiti, domin cutar tana iya shiga jini ta kashe cikin ɗan lokaci. Haka ma jarirai. Mace mai ciki da cutar ta kai mata ƙoda, a asibiti ake fara mata magani. Wanda za a bari ya tafi kuwa, sai in yana da mai kula da shi, kuma gidansa ba shi da nisa da likita ko CSI da zai riƙa zuwa kowace rana.

Inda gizo ke saƙar a ƙasarmu shi ne awo. Kamata ya yi kafin allurar farko a ɗebi fitsari a kai labo don awon da ake kira ECBU, wanda ke nuna irin ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta. Sakamakon yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Likita ba ya jira, yana fara magani, in sakamako ya fito ya gyara. Idan babu awon nan, ana iya kwashe mako ana zuba wa mutum maganin da cutarsa ba ta ji. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya sakamakon ƙwayoyin cutar da ba su jin magani, kuma yammacin Afirka ne kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ceftriaxone cikin jerin magungunan da ake so a yi taka-tsantsan da su.

Saboda haka muna jan hankalin jama'a: wannan tsari daban yake da kiran mai allura na unguwa ya rataya ƙarin ruwa a ƙusa, da maganin da aka saya kan tebur cikin rana. Gentamicine tana iya taɓa ƙoda da ji in ba a lura ba. Ceftriaxone ba a haɗa ta da ruwan Ringer, saboda sinadarin kalsiyom da ke cikinsa. Robar da aka bari a jijiyar hannu ita ma sai ana dubawa kullum, in wurin ya yi ja ko ya kumbura a cire ta.

Ga wanda likita ya ɗora kan wannan hanya, kada ya tsallake ko yini ɗaya don ya ji sauƙi. Idan bayan kwana 2 ko 3 zazzaɓi bai sauka ba, ko fitsari ya ragu, ya koma asibiti nan take. Mahukuntan kiwon lafiya kuma muna kira gare su da su wadata asibitocin gundumomi da kayan awon fitsari, domin da shi ne likita zai san wanda zai kwantar da wanda zai sallama da kwanciyar hankali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.