Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

A ƙasar Arewa, idan hankalin mutum ya gushe, ba kasafai ake fara kai shi likita ba. Sai an zaga wajen malamai da 'yan bori, an sha rubutu, an yi turare. Ranar da abin ya gagara ake ɗora shi bisa amalanke, sau da yawa ɗaure da igiya, a nuhi gidan likita na Kore Mairuwa, bakin babbar hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi.

Wanda ke tarbarsa ma'aikacin jinya ne. Sashen masu taɓin hankali da kowa ya sani, Pavillon E na babban asibitin Yamai, yana da nisan kilomita sama da 200. Kamin a samu mota, shi ke kwance igiyar, shi ke riƙe allura. Galibin marasa lahiyar ba su taɓa kowa. Tsoro ne ya cika su. Amma wanda ya kwana a ɗaure, ya ga baƙo da allura, yana iya kai duka ko cizo.

Raunin jiki yana warkewa cikin kwanaki. Wani ma'aikacin kuwa abin ba ya barinsa. Yana ganinsa cikin mafarki, ƙarar ƙofa tana hirgita shi, barci ya ƙaurace, hushi ya yawaita a gida. Sai ya fara gudun gadin dare, yana tura ƙarami wajen irin wannan marar lahiya. In alamun nan suka wuce wata guda, ciwo ne mai suna. Likitocin Amurka sun shigar da shi littahinsu a 1980, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam.

Mu kuwa sai mu ce ragwanci ne, shi ma kunya ta hana shi faɗi.

A 2013 hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta yi gargaɗi kada a ba wanda ya hirgita ƙwayoyi irin su Valium cikin watan farko domin ya samu barci. Abin da ya hi amfani shi ne a saurare shi ba da tilas ba, in ciwon ya daɗe a haɗa shi da gwani.

Saura aikin magabata ne a Tibiri da Dogon Dutsi: a rubuta kowane duka cikin rajista, a ba wanda aka buga hutu, kuma kada a bar mutum ɗaya shi kaɗai yana gadin dare.