"Jikinmu Ya Saba": Darasi Daga Horo Birni

Wata damina na kai gaisuwa Horo Birni, cikin Ƙaramar Hukumar Shagari. Muna hira da wani dattijo bayan magariba, sauro na ta shawagi, sai na kawo zancen gidan sauro. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai mu jikinmu ya saba." A cikin gida kuwa jikarsa ce kwance, zazzaɓi ya rufe ta. A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar "sabo" ta tsaya mini a rai.

Dattijon bai yi ƙarya ba. Binciken Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar a tsohuwar Jihar Kano daga 1969 zuwa 1976, ya nuna yawan ƙwayar maleriya a jini na raguwa gwargwadon yadda mutum ke manyanta. Cikin dakarun jiki masu wannan aiki akwai waɗanda masana ke kira ƙwayoyin T. Wasunsu na farautar cutar a hanta inda take fara ɓuya, wasu na taimakawa a ƙera makaman da ke tare ta a jini, wasu kuma aikinsu taka wa sauran birki. Wani bincike na 2008 ya gano masu birkin nan sun fi rauni a jikin Fulanin Burkina Faso, waɗanda binciken 1996 ya nuna sun fi maƙwabtansu Mosi jure wa cutar.

To amma sabon nan da tsada ake sayensa. Sai an sha cizo damina bayan damina, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka fi biya da rayukansu. Ga shi ba ya hana kamuwa, yana kuma dusashewa idan mutum ya daɗe inda babu cutar.

Burin masu haɗa allura shi ne jikin yaro ya gane cutar ba tare da ya biya wannan farashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da RTS,S a 2021, da R21 a 2023. A Disambar 2024 aka fara yi wa yara R21 a Bayelsa da maƙwabciyarmu Kebbi.

A nan damuwata take. A kunnen Bahaushe, "rigakafi" na nufin an rufe ƙofa ruf. Ita kuwa wannan allura rage haɗari take yi, kuma sai an yi ta sau 4. Ran da yaron da aka yi wa ya yi zazzaɓi, me uwarsa za ta faɗa a gidan suna? Ba mu manta yadda jita-jita ta tsayar da allurar shan inna a Kano a 2003 ba.

Don haka ina kira ga likitocinmu da malaman Hausa da ma'aikatan rediyo su zauna su tsara bayanin gaskiya: allura garkuwa ce guda, gidan sauro da maganin damina na nan daram. Mai ilimin da ya kasa fahimtar da dattijon Horo Birni da sauran aiki a gabansa. Allah Ya raya mana zuriya.