Idan Miji Ya Rasa Aiki, Me Ke Faruwa da Sana'ar Matarsa?

A Talata Mafara, Bakura da Maradun, yawancin magidanta da noma suke ciyar da iyali. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a kan kogin Sakkwato a 1978, ta ba mutane da yawa noman rani da aikin ƙwadago. Amma yanzu 'yan bindiga sun raba manoma da dama da gonakinsu. Bari mu duba hanyoyi uku da wannan rashin aiki yake shafar matan aure.

Na farko, yana ƙara wa mace aiki. Matar da a dā take sana'a domin kuɗin sabulu da gudummawar biki, yanzu domin tuwon dare take yin ta. Takan turara shinkafa, ta yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko ta tafi wankau da surfe a gidajen mutane. Masana tattalin arziki sun lura da haka a ƙasashe da yawa: idan miji ya rasa aiki, matarsa takan fita nema.

Na biyu, yana raunana sana'ar kanta. Masu sayen fura da ƙosai su ne 'yan ƙwadagon da aljihunsu ya bushe. A Satumba 2021, da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar tsaro, samun gyaɗa da sayar da mai sun yi wuya. Idan ciniki ya ragu, sai a ci jari, a sayar da akuya, zubin adashi ya gagara.

Na uku, nauyin yana sauka a kan yara mata. Macen da ba ta fita, 'yarta ce ke kai mata kaya talla. Da zarar gida ya dogara ga tallan nan, makaranta ce ke fara tsayawa.

Saboda haka, ganin mata da yawa suna aiki ba kullum yake nuna ci gaba ba. Mu tambaya: me ya rage a hannunta bayan an ci abinci? Maigidan da ya ranci kuɗin matarsa, ya kamata ya biya idan ya samu. Mu kuwa da muke so mu taimaka, mu tuna cewa kwanon hatsi na kwana biyu ne, amma jarin da aka kiyaye yana riƙe gida har damina.