Bayan maganin sankarar jini, garkuwar yaro sai a hankali take dawowa

Yaron da ya kamu da sankarar jini a Kafanchan, Zonkwa ko Kagoro, yawanci sai an kai shi asibitin koyarwa na Jos ko na Shika a Zariya. Nau'in da ya fi kama yara yakan ci shekara 2 zuwa 3 ana magani. Ranar da likita ya ce an gama, gida yakan cika da murna, kuma ya cancanta. Sai dai a ranar garkuwar jikin yaron ba ta farfaɗo ba tukuna.

Cutar a cikin ɓargo take, inda ake ƙera ƙwayoyin jini, maganin kuwa ba ya bambanta mugu da nagari. Fararen ƙwayoyin da ke fara tarar cuta sukan dawo cikin 'yan makonni. Masu ƙera sinadarin kariya sai sun yi watanni, masu jagorantar yaƙin kuma kan kai wata 6 zuwa shekara, wani lokaci fiye. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne jiki kan mance da wasu alluran rigakafin da aka yi wa yaron yana jariri. Katin rigakafin na nan cike da sa hannu, kariyar kuwa ta yi rauni.

Kafanchan ta ga ɓarkewar mashaƙo a shekarar 2023, ƙyanda kuma baƙuwar kowane rani ce. Yaron da ya tsallake sankara bai kamata mu rasa shi a hannun cutar da allurar rigakafi ke hanawa ba. Likitoci kan sake rigakafi wata 3 zuwa 6 bayan gama magani, irin ta ƙyanda mai rayayyar ƙwaya kuma sai likitansa ya amince. Kafin nan, rigakafin yayyensa da ƙannensa da yaran maƙwabta shi ne katangarsa.

Zazzaɓi ne ya fi damuna. Mun saba cewa "maleriya ce", mu aika kemis. Ga wannan yaron, idan zafin jiki ya kai digiri 38, a tafi asibiti a ranar, da takardunsa a hannu, a faɗa wa ma'aikacin jinya tun daga ƙofa cewa ya sha maganin sankara. Haka ma idan ya zauna da mai ƙarambau ko ƙyanda, ko da ƙurji ɗaya bai fito masa ba.